Zombi a kan sabar Alhaji: yadda muka sayi ram a banza kafin mu gano uwarsu

Wannan rubutun na yi shi ne don 'yan'uwa masu kula da saba a shaguna da ofisoshin garin nan na Kano, musamman wanda ya gaji na'urar da ba shi ya haɗa ta ba, don ni sai da na ci kwana goma sha uku ina sintiri tsakanin Hotoro da kasuwar Singa, aka kashe kuɗi a kan abin da ba shi ne ciwon ba, na sha faɗa a gaban yaran shago, alhali da na buɗe fayil guda ɗaya tun ranar farko da tuni an wuce wajen. Wurin na wani Alhaji ne mai sayar da kayan masarufi a sari, shinkafa, taliya, man girki, sikari da sauransu, yana da kashiya takwas a ƙasa da ofis a saman bene, duk kwamfutocinsu sun dogara da wata tsohuwar saba guda ɗaya da aka ajiye a ƙarƙashin matakala, CentOS 7 ce a kanta, wani nau'in Linux, manhajar rumbun bayanan kuma PostgreSQL. Ni ba ma'aikacinsu ba ne, duk wata dai ana ba ni wani abu, in an samu matsala a kira ni. Wanda ya haɗa musu tsarin ya daɗe da barin wurin, ko takarda ɗaya bai bari ba.

Ranar Litinin wajen tara da rabi na safe Manaja ya kira ni yace Injiniya kana ina, kwamfuta ta ƙi, kashiya biyar suna aiki uku sun kasa shiga. Na hau adaidaita, da go-sulo da komai sai kusan sha ɗaya na isa, na tarar da layi har bakin titi, masu kura sun jingine kurarsu suna jiran rasit don ba a fitar da kaya daga sito sai da rasit. Abin da na fara zargi shi ne netwok, na duba kebul, na duba suwic, na yi ping daga kwamfutocin nan uku zuwa saba, lafiya ƙalau take amsawa. Manhajar ce kawai take cewa ta kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Manaja yana tsaye a kaina yana ta duba agogo, to me kake tsammani, na yi abin da kowa yake yi, nace kowa ya rufe nasa, na kashe sabar na kunna. Minti biyar komai ya dawo. Aka ce kai Injiniya Allah ya yi albarka, aka sayo min lemo mai sanyi, na koma gida ina jin kaina. Ban duba komai ba wallahi, ko fayil ɗin log, inda manhaja take rubuta duk abin da ya faru da ita, ban leƙa ba.

Alhamis da sassafe aka sake kira, wannan karon babu wanda ya iya shiga ko ɗaya. A hanya na riga na yanke hukunci a raina cewa yawan konekshan ne, don na san PostgreSQL yana zuwa da max_connections a kan 100, nace wataƙila manhajar ba ta rufe konekshan ɗinta sun taru sun cika. Ina zuwa na buɗe postgresql.conf na mayar da shi 200, na sake kashe na'urar gaba ɗaya na kunna, ya yi. Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, don in da cikar konekshan ce saƙon da yake fitowa sananne ne, "sorry, too many clients already", kuma ni ban ga wannan saƙon a ko'ina ba, ban ma nema ba, kawai na ɗora wa majinyaci maganin cutar da na sani. Na cewa Manaja an gama da ita. Yace Allah ya sa.

Lahadi ba sa buɗewa. Litinin da safe ga waya kuma. Ranar ne Alhaji da kansa ya sauko daga bene, kuma wanda ya san 'yan kasuwar Singa ya san in mai gida ya sauko kan maganar kwamfuta to abin ya kai maƙura. Yace kai yaron nan, sau nawa ke nan? Nace ranka ya daɗe sau uku. Yace to ni kuɗina nake biya ko addu'a nake biya? Na yi shiru. Wani ɗan'uwansa da yake zaune a wurin, wanda yake ɗan taɓa harkar waya, yace ai Alhaji irin wannan ƙarancin ram ne, na'urar ta tsufa, in ta cika sai ta shaƙe. Ni kuma da yake neman mafita nake sai na kama maganar hannu biyu, nace eh gaskiya giga takwas ya yi mata kaɗan. Ban buga free ba na ga ko ram ɗin ya cika da gaske. Umarni ne mai harafi huɗu fa.

Daga nan aka shiga zancen takardu, don a wurin Alhaji ko allura ba a saya sai da takarda. Na je Sabon Gari wani shagon kayan kwamfuta aka rubuta min farashi a takarda mai hatimi, giga goma sha shida na hannu, irin na saba mai ECC, don na kwamfutar tebur ba lallai ya zauna a kanta ba, naira dubu sittin da biyar bayan na yi ciniki. Na dawo na rubuta takardar neman kuɗi na liƙa ta farashin a baya, Manaja ya sa hannu ranar, amma Hajiya akanta ta riga ta tashi. Talata na zauna a benci a ƙofar ofishinta tun goma har aka kira azahar, da ta duba tace ƙanina ba ka rubuta sunan na'urar da lambarta ba, ni in masu binciken lissafi suka zo me zan ce an saka wa? Na sauka ƙarƙashin matakala da fitilar waya na kwafo lambar na sake rubutawa. Sai kuma aka ce Alhaji ya tafi Dawanau ba zai dawo ba. Laraba da rana ya sa hannu, aka tura min kuɗin, na sayo, na kawo rasit, bayan an tashi wajen shida na yamma na kashe sabar na saka ram na kunna. Kuɗin adaidaita na kwana ukun nan daga aljihuna ya fita, ya haura dubu huɗu, ban ma yi gigin tambaya ba. Alhamis lafiya, Juma'a lafiya, har na fara cewa ashe mutumin nan ya yi gaskiya.

Asabar wajen ƙarfe ɗaya na rana, ana tsakiyar ciniki, motocin 'yan ƙauye da na Nijar suna lodi, abin ya dawo. Wani kashiya ya rufe manhajarsa ya tafi alwala ya dawo ya kasa shiga, na biyu ma haka, duk wanda ya fita ya fita ke nan, waɗanda ba su rufe ba kuma suna ta aikinsu. Wannan karon a cikin adaidaita na yi wa kaina alkawari ko Alhaji zai kore ni ba zan taɓa maɓallin nan ba sai na ga abin da idona. Na shiga a matsayin rut, wato mai cikakken iko a kan na'urar, na buga free, ram giga ashirin da huɗu, ko uku ba a ci ba. Gabana ya faɗi, don na san dubu sittin da biyar ta tafi a banza. Na duba faifan ajiya da df, akwai wuri. Sannan ne, bayan kwana goma sha uku, na buɗe log ɗin PostgreSQL, ga layi ɗaya yana ta maimaita kansa ɗaruruwa, "could not fork new process for connection: Resource temporarily unavailable". Furoses shi ne duk wani aiki da yake gudana a kan na'ura. Wato babban furoses ɗin rumbun, wanda ake kira postmaster, yana son ya haifi sabon furoses don ya karɓi mai shigowa, tsarin ya hana shi. Ga wanda bai sani ba, haka PostgreSQL yake aiki, kowane konekshan da nasa furoses ɗin daban, in an hana shi haihuwa to ƙofa ta rufe ga sabon baƙo amma na ciki ba abin da ya same su. Daidai abin da muke gani ke nan tun ranar farko. Na gwada su - postgres don in shiga da sunan mai rumbun, shi ma ya ƙi da irin wannan saƙon.

Na buga top. A layi na biyu inda yake ƙirga ayyuka, a can ƙarshe, na ga an rubuta zombie da lamba 4,047 a gabansa. Ni a rayuwata iyakar abin da na taɓa gani a wurin nan sifili ne ko ɗaya. Na buga ps aux sai sikirin ya cika da layuka iri ɗaya, psql, psql, psql, wato 'yar manhajar da ake yi wa rumbun tambaya da ita, kowanne da harafin Z a wurin yanayinsa da kalmar defunct a gefe, duk da sunan postgres. Nace yawwa, ga ɓarayin. Na ɗauki lambar guda na yi mata kill, tana nan. Na yi kill -9, wanda muka taso muna jin cewa ba abin da yake tsallake shi, tana nan daram. Na gwada goma, ko gezau. Zufa ta fara keto min, ga zafin ƙarƙashin matakala ga hayaniyar layi a baya.

A nan ne na tafka kuskuren da ya fi na ram muni, kuma shi nake so kowa ya kiyaye. A cikin jerin na hango wasu layuka da aka rubuta postgres da kalmar idle a ƙarshensu, raina ya ba ni cewa su ma matattu ne ko kuma su ne suka riƙe sauran, na ɗauki ɗaya na yi masa kill -9. Wannan kam ya mutu nan take, sai kawai na ji ihu daga kanta, duk kashiyoyin da suka rage an watso su waje lokaci ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ashe konekshan ɗin wani kashiya ne mai rai da lafiya, idle ɗin nan ba ya nufin komai illa yana zaune yana jiran a ba shi aiki. Kuma in aka kashe ɗaya daga cikin 'ya'yan postmaster da ƙarfin tsiya irin haka, shi ba ya da tabbacin mamacin bai bar ɓarna a ƙwaƙwalwar da suke tarayya a kanta ba, don haka sai ya sallami kowa, ya bi kundin WAL, inda yake rubuta duk canjin da aka yi, ya gyara kansa, sannan ya sake buɗe ƙofa. A log ga shi nan ya rubuta "terminating any other active server processes". Bayanan da aka riga aka adana ba abin da ya taɓa su alhamdulillahi, amma rasit biyu da ake tsakiyar bugawa sun tafi, ɗaya na wani mai kaya iri talatin da wani abu, sai da aka sake shigar masa daga farko yana ta masifa.

Na fita waje bayan shagon na kira wani yayana a harkar, wanda a wurinsa na fara koyon Linux, yanzu yana Abuja. Bai ɗauka ba, na sake kira, sai a na uku. Na zayyana masa komai har da kill -9 ɗin. Ya yi dariya sosai sannan yace ƙanina kai wa ya gaya maka ana kashe matacce? Yace zombi ba furoses ne da ya ƙi mutuwa ba, furoses ne da ya riga ya gama aikinsa ya mutu, ya saki ram ɗinsa, ya rufe fayilolinsa, ba ya cin komai a injin. Abin da ya rage nasa kawai layi ɗaya ne a rajistar kernel, zuciyar tsarin ke nan, lambarsa da sakamakon da ya fita da shi, an ajiye wa uwar da ta haife shi ta zo ta karɓa. Karɓar nan ita ce kiran da ake ce wa wait ko waitpid. In uwar ta zo ta karɓa sai a goge layin, in ba ta zo ba layin yana nan har abada, kamar kayan da aka biya kuɗinsu aka bar su a sito mai su bai zo ya ɗauka ba, ba sa motsi ba sa ci ba sa sha amma sun tare wuri. Yace ka bar jaki kana dukan taiki, je ka nemo uwarsu.

Ya karanto min umarnin ina rubutawa a bayan wani tsohon rasit, ps -eo pid,ppid,user,stat,comm, yace ka kalli sahu na biyu daga hagu, ppid, lambar uwa ke nan. Na koma na buga, na tace masu Z kaɗai da awk, na ƙirga da sort da uniq -c. Duk dubu huɗun nan uwarsu ɗaya. Kuma abin da ya ba ni mamaki ba postmaster ba ce, don ni duk a zatona rumbun ne yake zubar da su. Na buga ps -fp da lambar, sai ga wani ɗan sikirif na Python a cikin wata folda da ban taɓa leƙawa ba, yana gudana da sunan postgres tun ranar Laraba shida na yamma, wato tun lokacin da na kunna na'urar bayan saka ram.

Saura tambayar me ya haɗa tarin matattu da hana rumbu haihuwa tunda ba sa cin ram. Yayana yace duba iyakar yawan furoses ta mai amfani. A CentOS 7 akwai fayil a /etc/security/limits.d/ mai suna 20-nproc.conf, yana kayyade wa kowane mai amfani in ban da rut furoses 4096, kuma zombi ana ƙirga shi a cikin adadin har sai an karɓe shi. Yawanci abin da systemd, mai tayar da ayyuka in an kunna na'ura, ya tayar ba ya bin wannan fayil ɗin, amma wanda ya haɗa mana tsarin ta rc.local, wani fayil da ake gudanarwa in an kunna na'ura, ya tayar da rumbun da su - postgres, don haka iyakar ta hau kansa. Na tabbatar da idona, na buɗe /proc da lambar postmaster na karanta fayil ɗin limits, ga 4096 nan. Da sikirif ɗin da rumbun kwano ɗaya suke ci saboda sunansu ɗaya, zombi sun cinye 4,047, masu rai sun riƙe ragowar. Shi ya sa duk kashiyan da ya rufe manhajarsa, gurbin da ya bari kafin ya dawo daga alwala wani sabon zombi ya zauna a ciki.

Yace kar ka yi gaggawar kashe uwar tukuna, ba ka san me take yi ba, kai da ka gama jawo magana yanzu. Da umarnin prlimit muka ɗaga iyakar postmaster ɗin da yake gudana zuwa 8192 ba tare da an kashe komai ba, nan take duk kashiya takwas suka shiga, layi ya fara tafiya. Wannan ba magani ba ne, numfashi ne kawai muka saya. Na kuma gwada aika wa uwar siginar SIGCHLD, wadda take tuna mata cewa wani ɗanta ya gama, wani lokacin hakan yana sa ta farka ta kwashe su, amma tamu ba a rubuta mata abin da za ta yi in ta ji wannan siginar ba, don haka ko a jikinta.

Na buɗe sikirif ɗin, bai kai layi arba'in ba. Zagaye ne marar ƙarewa, duk minti ɗaya ya kira psql da subprocess.Popen ya ciro jimillar cinikin ranar ya zuba a wani fayil, sai ya jefa abin da Popen ya dawo da shi a cikin wani jeri, ya yi barcin daƙiƙa sittin, ya sake. Ba wait, ba communicate, ba poll. Da ma bai ajiye su a jerin nan ba da Python da kansa ya riƙa kwashe su a kira na gaba, ajiyewar ce ta hana. Na tambayi Manaja wa ya rubuta wannan, yace au, ai wani kofa ne da ya yi bautar ƙasa a nan, shi ya yi wa Alhaji allon nan na ofis da yake nuna ciniki yana hawa. Aka nemo lambarsa a wayar Hajiya, na kira bai shiga ba, na tura saƙo, sai bayan la'asar ya kira ni daga garinsu. Yaro mai ladabi wallahi, yace Oga ba abin da yake yi sai ciyar da allon, jerin kuma ya yi niyyar ya dawo ya sa a riƙa duba waɗanda suka gaza ne sai hidimarsa ta ƙare. Ban ga laifinsa sosai ba, ya yi abin da ya iya kuma ya yi aiki shekara biyu.

Na hau bene nace ranka ya daɗe allonka zai tsaya na minti goma, yace in dai rasit yana fita ka kashe shi ma gaba ɗaya. Na sauko na yi wa uwar kill na lalama, ba -9 ba. Na buga top. Zombie, sifili. Dubu huɗu da wani abu sun ɓace kafin in ɗaga yatsa, don in uwa ta mutu 'ya'yanta suna komawa hannun furoses mai lamba 1, a nan systemd ke nan, shi kuma aikinsa ne ya karɓi sakamakon duk marayan da aka miƙo masa. Na daɗe a zaune a kan wani katan ɗin taliya ina kallon sifilin nan. Gyaran kansa layi ɗaya ne, na cire Popen da jerin na sa subprocess.call wanda yake jira sai ɗan ya gama. Na so in sa subprocess.run amma Python 2.7 ne a kan na'urar, shi kuma run sai daga 3.5 ya shigo. Daga baya ranar Lahadi da ba kowa na cire zagayen gaba ɗaya na mayar da aikin hannun cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara masa, na buɗe masa mai amfani nasa daban mai izinin karatu kawai, na kuma mayar da tayar da rumbun hannun systemd yadda ya kamata.

Amma kafin nan Manaja ya yi min tambayar da ta tsaya min a rai, yace Injiniya abin nan shekara biyu yana nan, me ya sa sai yanzu? Na ɗauki biro. Minti 1,440 ne a kwana, zombi ɗaya duk minti, kafin a cike 4096 ana buƙatar kusan awa sittin da bakwai in ka cire masu rai, wato kwana uku ba kaɗan. Na lissafa daga Litinin sha ɗaya, ya faɗo Alhamis da asuba. Daga Laraba shida na yamma, ya faɗo Asabar ɗaya na rana, cif. Sai na buga last reboot, ga tarihi nan, kafin sati biyun nan kusan kullum sabar sai ta mutu, ko an ɗauke wuta ko an kashe janareta da daddare, ɗan UPS ɗin da yake jikinta batirinsa ya daɗe da lalacewa. Ba ta taɓa yin kwana uku a kunne ba, kullum rashin wuta yana share mana zombi ba mu sani ba. Ranar Juma'ar da ta gabaci kiran farko, bayan an sauko daga masallaci, masu sola suka gama haɗa wa Alhaji inbata da batira, tun daga lokacin ba ta ƙara mutuwa da kanta ba. Ƙirga awa sittin da bakwai daga nan, Litinin tara da rabi. Da na yi wa Alhaji wannan bayanin ya riƙe haɓa yace wato wutar da na kashe miliyoyi na saya ita ta tono mana wannan? Nace ranka ya daɗe ita ta tona asiri dai, ciwon yana nan tun da.

To ga wanda ya tsinci kansa a irin wannan, abin da zan ce shi ne kafin ka kashe ka kunna ka ɗauki ko minti uku ne ka karanta log ka buga top da free, ka ɗauki hoton sikirin da wayarka, don kashewa da kunnawa yana goge shaida, ni sau uku ina share sawun ɓarawo da hannuna, na huɗu ma da sunan saka ram. In matsala tana dawowa a kan lokaci iri ɗaya to wani abu ne yake taruwa, ka rubuta ranaku da awowi ka yi lissafi. Zombi ɗaya ko biyu da suke bayyana su ɓace ba abin damuwa ba ne, adadin da yake hawa shi ne abin tsoro, kuma ɗaga iyaka kawai ba ya warkarwa, ko ka cire 4096 ɗin akwai pid_max a gaba wanda a tsofaffin tsare-tsare irin namu 32768 ne, sati uku da 'yan kwanaki za ka sake dawowa, kuma a lokacin har rut sai ya rasa lambar da zai tayar da umarni. Sannan a rarrabe abubuwa uku da mutane suke haɗawa su kira su duka zombi. Mai Z shi ne wanda na ba da labari. Mai D yana da rai, ya maƙale ne yana jiran faifai ko wata ma'ajiya ta netwok, shi ma ba ya jin kill -9 amma maganinsa a wajen faifan yake. Na uku konekshan ɗin da pg_stat_activity yake nuna shi idle in transaction, wannan ma rayayye ne kuma yana iya riƙe makulli ya tsayar da kowa, shi da pg_terminate_backend ake sallamarsa daga cikin rumbun, ba da kill -9 ba, ku tambaye ni. Masu sa rumbu ko sikirif a Docker su ma su kula, in furoses mai lamba 1 a cikin kwantenar bai iya karɓar marayu ba haka za su taru, shi ya sa ake ƙara --init wajen tayarwa.

Litinin Hajiya ta sa na rubuta rahoto shafi ɗaya don ta liƙa a bayan rasit ɗin ram, na rubuta gaskiya cewa ba shi ne matsalar ba. Ta karanta ta kalle ni ta saman tabarau tace ƙanina ka tabbata haka kake so Alhaji ya gani? Nace Hajiya haka aka yi. Na koma Sabon Gari ko za su karɓi ram ɗin, suka ce sai dai da ragin dubu ashirin, Alhaji yace a bar shi a ciki kawai, amma duk sanda na shiga ofishinsa sai yace Injiniya ya ram ɗinmu, yana nan lafiya? Na sa wani ɗan aiki a cron da yake ƙirga masu Z duk awa, in sun haura ashirin ya rubuta gargaɗi a allon ofis. Jiya na leƙa, uptime kwana ashirin da shida, zombie sifili. CentOS 7 ɗin kuma tun 30 ga Yunin 2024 aka daina yi masa gyaran tsaro, na rubuta takardar neman a ba ni Lahadi biyu da faifai sabo in kwashe komai zuwa sabon tsari, Manaja ya sa hannu, tana kan teburin Hajiya.